Sauke Bashin Karatu: Daga Janairu Zuwa Mayu

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau na fito da duk littafin da ke gidan nan wanda ban karanta ba: na cikin durowa, na kwalayen ƙarƙashin gado, da na jakar bakkon da ba a zuge ta ba tun tasowarmu daga Gwammaja muka dawo Ɗorayi. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na jibge su. Sun tasam ma ɗari biyu, ban da na cikin waya, su lissafinsu daban. Niyyata kafin damina ta kankama kowanne ya san matsayinsa, ko na karanta shi, ko ya koma hannun wanda zai karanta.

Da na zauna warewa sai na ga ba kuɗina ne ya tara yawancinsu ba. Duk wanda aka sani da sharhin littattafai a garin nan ya san yadda abin yake. A je taron ƙaddamarwa, a sha jawabai, babban mai ƙaddamarwa ya sayi 'yan kwafi da kuɗi mai tsoka, sauran manyan baƙi su biyo baya. Ana tashi sai marubucin ya cim mini a bakin ƙofa ya danƙa min nawa, ya riga ya rubuta a shafin farko, "Ga Malama, don Allah a duba mana." Wasu kuma yaro ake aikowa da su har gida a leda. Ba na iya cewa a'a, kuma ba na ma son faɗa, don na san abin da mutum ke sha kafin ya ga rubutunsa a takarda. To amma karɓa alkawari ne. Duk wanda ya ba ni yana can yana jiran jin ta bakina, wasu an kwana biyu sosai. Wannan bashin ne ya hana ni sakat.

Na kasa su uku: waɗanda marubutansu ke jira, waɗanda ni na saya da sha'awa, da waɗanda na san ba ni suka dace da su ba. Ba saye, ba karɓar sabo, sai na ga ƙasan kwalayen nan. Kowane littafi zan ba shi shafi talatin, in bai riƙe ni ba ya kama hanya. Ban da kashin farko. Su dole in kai ƙarshe, domin ba na sharhi a kan littafin da ban gama ba.

Lahadi, 12 ga Janairu

Hazo ya sauka sosai. Abin da na goge jiya yau ya sake yin fari. Da busasshen tsumma nake bi, in ɗaga littafi ta gindi in karkaɗe bakin shafukan, don in aka sa jiƙaƙƙe ƙurar shiga take ta zauna ta zama tabo.

Ana yawan tambayata yaushe nake samun lokaci, ga koyarwa ga gida. Ba samu nake ba, tsintowa nake. Bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, ruwan wanka na kan wuta, nan ne lokacina mafi tsada. Sai cikin adaidaita sahu in mun biyo ta Gadon Ƙaya da Ƙofar Na'isa muka maƙale a cunkoson Ɗan Agundi inda ake aikin gada. Can gajerun labarai kawai nake iya karantawa, dogon labari ba ya jure gargada da hon. Da dare sai na gama makin takardun ɗalibai, in akwai wuta falillahil hamdu, in babu fitila mai caji. Kullum akwai fensir a tsakiyar littafin, da wani tsohon littafin rubutu da nake sa lambar shafi da abin da na gani a ciki.

Na gama ƙanana guda huɗu da wani tarin gajerun labarai na mata. Tarin ya burge ni. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016 hannun mata a gajeren labari ya faɗa, saboda ƙayyade yawan kalmomi ya koya wa da yawa shiga zance kai tsaye, ba sai an kwashe shafi uku ana siffanta hanci da gashin tauraruwa ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Littafi ɗaya ne ya cinye min makon nan. Na wata yarinya ce da ba ta daɗe da gama kwaleji ba, na farkonta, da kuɗin ɗinki ta buga shi. Labarin wata 'yar aikatau ce da aka kawo daga ƙauye aka ajiye a gidan masu hali. Akwai inda ta nuna yarinyar a bakin famfo da kwanukan da aka ci kaza a ciki, ta waiga ta ga babu kowa, ta lakato man da ya daskare a gefen faranti ta kai baki, sannan ta yi maza ta zuba omo. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ta bayani ba, ta wuce. Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli irin waɗannan yaran ba, ba zai rubuta wannan ba.

Daga tsakiya kuma sai labarin ya saki hanya. Ɗan gidan ya dawo daga Ingila, ya faɗa son ta, aka koma lissafin motoci da akwatunan lefe. Uwar ɗakin da aka fara gina ta mutum ce mai nata tsoro da nata dalilai, sai ta rikiɗe ta zama muguwa kawai. Ga ƙa'idar rubutu: abin da ya kamata a haɗe an raba, wanda ya kamata a raba an haɗe, haruffa masu ƙugiya babu su, maganar mutum biyu a cakuɗe cikin sakin layi guda.

Na kira ta kafin in rubuta komai. Muna gama gaisawa ta ce, "Anti, bai yi ba ko?"

Na ce, "Rabin farko ya yi, ƙanwata, ya yi ƙwarai. Rabin ƙarshen ne ba muryarki ba."

Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce masu karatu ne ke son haka, in babu ɗan mai kuɗi a labari ba sa saye. Ban ƙaryata ta ba, don ta fi ni sanin abin da ta zuba a maɗaba'a. Na dai ce mata masu rubuta ɗan mai kuɗi sun yi yawa, mai iya rubuta yarinyar bakin famfo kuwa ba ta da yawa. Da za mu yi sallama ta ce, "Don Allah Anti in za ki rubuta ki rufa min asiri." Na ce abin da na gaya mata shi zan rubuta, ba ƙari ba ragi, kuma da abin da ta iya zan fara.

Babban ciwon masu sharhi a wajenmu kunya ce. Kano da girmanta, in aka zo harkar rubutu kowa ya san kowa. Wanda ka soki littafinsa yau, gobe kuna tare a zaman karatun ƙungiyar marubuta ta ANA ko a wajen ɗaurin aure. Shi ya sa sharhi da yawa ba ya wuce "ya ilmantar, ya nishaɗantar, Allah ya ƙara basira." Irin wannan bai taimaki mai saye ba, balle marubucin da zai maimaita kuskuren a littafi na gaba. Akwai kuma 'yan kuɗin da ake turowa a ce "na data." Da kyakkyawar niyya ake turo su, na sani, amma mayarwa nake, da godiya. In na riƙe, alƙalamina zai yi nauyi a daidai inda ya kamata ya yi magana.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Gara ta shiga kwalin da ke jingine da bango. Ta ƙasa ta fara, daga waje ba a ganin komai, sai da na ɗaga na ga ta yi hanyoyi cikin littattafai kusan goma. Wasu sun tafi. Na shanya sauran a inuwa, maigida ya kira mai feshi, ya kuma sa kafinta ya yi min kanta mai ƙafa da ba ta taɓa bango. Na zuba kafur a lunguna.

Waɗanda suka lalace ban bari an kai wa mai ƙosai ba. Kusan duk littafin Hausa za ka samu bisimilla a farkonsa, da aya ko hadisi a ciki. Na ƙone su a bayan gida na binne tokar.

Littattafan nazarin Hausa da na Turanci na 'yan sakandare sun tafi makarantarmu. Na yara kuma na kai Islamiyyar unguwa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na shiga Sabon Gari wajen dattijon da nake sayen littafi a hannunsa tun ina budurwa. Na je da waɗanda na saya ban karanta ba, in ji ko zai karɓa ya sayar da rahusa. Ya jujjuya su ya zaɓi na addini da na manhajar makaranta, ya turo min ƙagaggun labaran.

"Malama, waɗannan sai dai ki bayar sadaka. Ni ma ga nawa nan sun yi shekaru."

Na ce, "Alhaji, har abin ya kai haka?"

Ya nuna min kantar da a da take cike da littattafan soyayya daga sama har ƙasa. Yanzu littattafan rubutu ne da biro da jakunkunan makaranta. Ya ce a da dillalai daga Sakkwato, Gusau, Katsina, har Maraɗi da Damagaram suke zuwa su yi lodi, marubuciya ta kawo na ɗaya, kafin ta kawo na biyu mata sun ishe shi da aike. Yanzu waya ta ɗauke masu karatun, tsadar takarda ta kori masu bugawa.

Maganar takardar gaskiya ce. Kamfanonin takarda da gwamnati ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa samar da abin da masu buga littafi ke buƙata, kusan komai daga waje ake shigo da shi, takarda da tawada da faranti. Da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Ga cire tallafin mai, ga maɗaba'a da janareta take aiki. Marubucin da a da zai buga dubbai yanzu 'yan ɗaruruwa yake iyawa, wani ma iya na ranar ƙaddamarwa. Na dawo gida ina kallon kashin farkon nan da wani ido. Kowane kwafi da aka ba ni kyauta, wani ne ya cire shi daga ɗan abin da ya samu ya buga.

Asabar, 1 ga Maris (1 ga Ramadan 1446)

An tashi da azumi. Na rufe ƙagaggun labarai sai bayan salla. Kashin marubuta ya ragu da fiye da rabi, kuma duk wanda na gama na rubuta sharhinsa na sanar da mai shi. Wani ya ji haushi bai amsa ba. Wata ta turo min gyararren babi.

A watan nan, bayan tilawa, zan taɓa na tarihi da 'yan littattafan waƙoƙin wa'azi na ajami da mahaifina ya saya a Kasuwar Kurmi. Karatun ajamina ya yi sanyi, a hankali nake bi.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Yawon salla ya sauya min aikin gaba ɗaya. Mun je gaida Gwaggo a cikin gari, ta ji labarin abin da nake yi, ta sa jikarta ta jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonta. "Ungo, ke da ba kya gajiya da takardu. Na yayarki ne, tun kafin a kai ta ɗaki. Saura kaɗan in ba 'yan gwangwan akwatin."

Na ce, "Gwaggo, ai na hana kaina karɓar sabo."

Ta ce, "Waɗannan sun girme ki a karatu, ina sabo a nan?"

Littattafan soyayya ne na shekarun 1990 da farkon 2000, sirara, takardar jarida da ta koma ruwan ƙasa, an ɗinke su da waya biyu a tsakiya. Bangon wasu zanen hannu ne, na wasu hoton 'yan fim. A bayan wasu akwai hatimin shagon haya, da jerin ranakun da aka karɓa aka dawo da biro ja. Wani an lulluɓe shi da bangon littafin lissafi, alamar a aji aka karanta shi a ɓoye. A gefen wani shafi yayata ta rubuta "Allah ya isa" a daidai inda aka yi wa tauraruwar auren dole.

Na kwana ina buɗa su. Ba duka ne masu kyau ba, wasu rubutun gaggawa ne. Amma a cikinsu ne matan Kano suka fara faɗin abin da ke cinsu da bakinsu: kishi, saki, auren wuri, hana karatu, zaman gidan miji da dangin miji. Da su dubban mata suka riƙe karatun boko bayan an cire su daga makaranta. An tafka muhawara a kansu a jaridu a shekarun 1990, masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu kowa da inda ya tsaya. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta shirya ƙona irinsu a wata makarantar 'yan mata, bisa zargin ɓata tarbiyya.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne rashin ma'ajiya. Littattafan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 a Zariya, na su Abubakar Imam, ba sa ɓata, domin suna cikin manhaja, ana ta sake buga su. Waɗannan kuwa marubutan ne suka buga da kuɗinsu. Dokar 1970 ta Ɗakin Karatu na Ƙasa ta ce mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can, amma yawancin waɗanda ke gabana ko lambar shaidar littafi ta ISBN babu, wasu ko shekarar bugu ba a sa ba. A 2004 masana Graham Furniss da Malami Buba da wani abokin aikinsu sun fitar da kundin da ya jera sunayen irin waɗannan littattafai daga 1987 zuwa 2002. Aiki ne babba, amma suna daban, littafin a hannu daban. Kwafin da ya rage yana cikin akwatuna irin ta Gwaggo, kuma gara da 'yan gwangwan ba sa jira.

Don haka na ƙara kashi na huɗu: waɗanda ba za su bar hannuna ba sai zuwa inda za a adana su. Na koma cikin tulin da na ware don bayarwa na tsamo duk wani tsohon bugu na haɗa da na akwatin.

Asabar, 19 ga Afrilu

Zafi ya kai intaha, dare ba ya karantuwa a ɗaki. A tsakar gida nake zama da mafici, don haka na juya kan na cikin waya.

Nan ne tarin ya fi yawa, kuma nan ya fi saurin raguwa. Mafi yawa turo su aka yi a WhatsApp, wasu babu farko, wasu babu sunan marubuciya, an goge. Na share duk wanda na gane na kuɗi ne aka fitar ba da izini ba. Marubutan intanet da 'yan ɗaruruwan da mai karatu ke biya suke sayen data da cajin waya, wata tana shayarwa tana buga babi da babban yatsa, sai wata ta biya sau ɗaya ta watsa wa duniya, wani kuma ya ɗauka ya karanta a YouTube ya ci kuɗin. Biyu daga ciki sun riƙe ni har na so ƙarasawa. Na nemi masu su na biya, sannan na ci gaba.

Dokar shafi talatin ta yi aiki a nan fiye da ko'ina. Rubutun da ake saki kullum babi-babi yana da jan rai, amma yakan yi tsawon da labarin bai kai ba, saboda masu karatu na roƙon ƙari marubuciya na ja.

Asabar, 10 ga Mayu

Kashin marubuta ya ƙare ranar Laraba. Babu sauran wanda ke jirana. Yarinyar nan mai labarin 'yar aikatau ta zo gida da rubutun na biyu a fayil, ta ce kada a buga sai an duba. Na haɗa ta da wani malamin Hausa da ya fi ni sanin ƙa'idar rubutu, ni kuma zan duba zubin labarin.

Cikin waɗanda na saya da kuɗina saura kamar ashirin, yawanci na tarihi masu kauri, suna kan sabuwar kanta. Ƙagaggun labaran da Alhaji ya ƙi karɓa na raba wa matan unguwa da ɗalibaina manya, da sharaɗin wadda ta gama ta miƙa wa wata. Har an fara dawo min da labari, wata maƙwabciya ta tare ni a hanyar islamiyya tana faɗa da ƙarshen wani littafi.

Na akwatin Gwaggo su ne aikin yanzu. Na sayi babban littafin rajista, ina rubuta sunan kowane littafi, marubuci, maɗaba'a, shekara in akwai, yawan shafi, da ko cikakke ne. Kowanne na sa shi a ledarsa. 'Yar yayata tana ɗaukar hoton bango da shafin farko da waya. Sauran shafukan ba za mu ɗauka ba sai da izinin marubutan ko magadansu, tunda da yawansu suna raye, wasu a cikin garin nan. In rajistar ta kammala zan kai kwafinta ɗakin karatu na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello, da sashen harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero, in ji wanda ke da wurin adana su yadda ya kamata.

Matsalar da nake ciki ita ce giɓi. Da yawa na ɗaya da na biyu ne a hannuna babu na uku, wasu na biyun kaɗai. Na gaya wa Gwaggo, ta ce za ta yi cigiya a wajen ƙawayenta ranar Juma'a in sun haɗu a gidan suna, akwai wadda ta san 'yarta ta taɓa riƙe shagon haya a Fagge.